Malam Bai Juya Kwali Ba

Shekara talatin da biyu maigidana ya yi yana koyarwa, kuma duk ranar jarrabawa maganarsa ɗaya ce: "Ku juya takarda, akwai tambaya a baya!" Har yau tsofaffin ɗalibansa da ita suke gaishe shi a titi. Amma mutumin nan da aji ke rawar jiki in ya yi gyaran murya, da ya ga allura sai ya nemi hanyar gudu.

To, sai likita ya ce sukarinsa ya hau. Wata uku ya ba shi: ko lambar sukarin ta sauka, ko a fara allura kullum. Malam ya dawo gida kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki. A ranar ya daina sa sukari a shayi.

Kwana biyu sai ga shi da wani biskit daga shagon bakin layi. Koren kwali ne, da hoton wani dattijo yana gudu yana dariya, an rubuta da manyan baƙaƙe: BABU KITSE, ABOKIN LAFIYA.

"Kin gani? Wannan ai magani ne," in ji shi.

Maganin nan kuwa ya sha shi da gaskiya, goma da safe, goma da la'asar. Ni ko ɗanɗano ba ya ba ni, wai ba ni likita ya yi wa magana ba.

Bayan wata biyu ya je kemis aka gwada, lamba tana nan daram. Ya fara da zagin na'urar gwajin, sannan ya juyo kaina.

"Anya ba girkinki ba ne?"

Nan fa raina ya ɓaci. Wata biyu ina auna masa abinci da ƙaramin cokali! Kuma in faɗi gaskiya, tsoro nake ji, don ba allurar kaɗai likita ya ambata ba, har da lalacewar idanunsa. Na ɗauko kwalin da tabaraunsa na dire masa a tebur.

"Malam, juya takarda, akwai tambaya a baya."

Ya harare ni, amma ya juya. Rubutun ƙanana ne kamar tururuwa. Ya bi da yatsa, a hankali.

"Fulawa... sukari... zuma..." Ya tsaya. "Sukari ne na biyu a jeri."

"Ci gaba."

"Ai lambar sukarin da suka rubuta ba ta da yawa."

"Ta biskit nawa ce?"

Ya matso da kwalin har kan hancinsa. "Biyu."

"Kai kuma nawa kake ci?"

Lissafi ya koyar, ba sai na taya shi ba. Can ya ce, "Amma sun ce babu kitse."

"Ba su yi ƙarya ba. Kitse likita ya hana ka?"

Ya daɗe yana kallon dattijon nan mai gudu. Sai ya zaro jan bironsa, wanda har yanzu ba ya rabuwa da aljihunsa. Na ɗauka kamfanin zai ba sifiri. Ashe a ƙasan kwalin ya rubuta nasa sunan, ya sa sifirin a gefe, ya kewaye shi.

"Saura wata guda," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "In ba ta sauka ba, za ki raka ni? Ki riƙe min hannu."

"Zan riƙe," na ce. "Miƙo sauran kwalayen da ka ɓoye a bayan littattafai."