Ranar da Marango Ya Tuge Sandar

Guguwa ta wuce ta bar mana gonaki cike da ruwan gishiri. Gwaza ta ruɓe a ƙasa, ayaba ta kwanta. Shinkafar agaji ta ƙare, yara suka koma tsotsar ɓargon kwakwa.

Ga kuma kifi a gabanmu. Tun da aka mai da tekun ƙauyenmu gandun gwamnati ba wanda ya jefa taru a ciki, har kifaye suka daina gudun mutum. Daga bakin yashi kana hango su a kan murjani, da kunkuru, da manyan katantanwa. Wajen gandun kuwa igiyar ruwa ba ta lafa ba, kwalekwale ba ya iya fita.

Tsoho Marango, sarkinmu, shi ya ba da wurin. Ya yanka alade, ya kafa sanda da ganyen itacen da muke kira namele a ɗaure, alamar an rufe ruwa. A wurinmu wanda ya kafa ganye shi ke cire shi. Ya ɗauka irin wannan yarjejeniyar ya yi da gwamnati.

Da safe ya shiga ruwa har gwiwa ya tuge sandar.

"Na buɗe. Ku je ku ciyar da 'ya'yanku."

Muna tura kwalekwale sai ga Toara, mai gadin gandun, ɗan ƙanwar Marango, a guje da hular aiki.

"Kawu, don Allah mayar da ita. Ba a buɗe gandu haka."

"Wa ya kafa?"

"Kai ne, amma..."

"To wa ya cire? Kai, da na ɗauke ka kana tsula mini fitsari a wuya, wannan hular tana ina?"

Aka yi dariya, irin ta masu yunwa, gajeriya.

"Kawu, jirgin sintiri zai zo. Ba ruwansu da ganye."

"Su zo, a ba su kava su sha. Uwarka ta ci abinci jiya?"

Toara ya tuɓe hular, ya kama bakin kwalekwalena muka tura tare.

Ban taɓa ganin kamu irin na ranar ba. Taru ya yi nauyi har ya tsaga mini tafin hannu. Aka gasa, aka dafa da madarar kwakwa, yara suka ci har suka yi amai suka koma ci.

Ba mu gama kyafe ragowar ba jirgin ya iso. Marango ya fito da tushen kava, saiwar da muke jiƙawa mu sha, a hannu biyu, yadda ake tarbar baƙi. Babban jami'an jirgin bai karɓa ba. Suka kwashe taruna, suka ɗaure kwalekwalenmu duka a jere a bayan jirgin, suka sa Toara a gaba suka tafi da shi.

Yanzu igiya ta lafa, wajen gandu ya buɗe ga kowa, mu kuwa ba abin hawa. Guguwa ta kayar da itatuwa da yawa, na zaɓi ɗaya na fara sassaƙa sabon kwalekwale. Ina yin sara kaɗan sai jirin yunwa ya zaunar da ni.