Daren da Gobnait Ta Taya Banshi Kuka

A Gortnamara, can inda ƙasar Ailan ta ƙare teku ya fara, ba a binne mutum sai Gobnait ta yi masa kuka. Sana'arta ke nan, gado daga uwa da kaka. Takan tsaya a kan gawa ta kwance gashinta, ta kira sunan mamaci da na ubansa da na kakansa, ta faɗi jirgin da ya tuƙa da gonar da ya tsince wa duwatsu, har sai mai taurin zuciya ya nemi bango ya jingina. Ta tsufa a kan haka, bayanta ya ranƙwafa, amma muryar ba ta san an tsufa ba.

Sai aka kawo sabon limamin coci, Fada Mulcahy, matashi ɗan birni mai karatu. Bai daɗe ba ya hau mumbari ya ce kukan gawa ragowar zamanin duhu ne, addu'a ta wadatar. Mutane suka sunkuyar da kai. Ba wanda ya fito ya ce wa Gobnait ta bari, amma aka daina aiko mata.

A farkon Nuwamba, watan da ake tuna matattu, tsoho Donncha mai gyaran raga ya rasu a ƙauyen da ke bayan tudu. Ba a aiko ba, Gobnait ta ɗauki sandarta ta tafi, don tun suna yara suka san juna. Ta iske gida cike, hayaƙin lofe ya turnuƙe, ana zuba shayi, maza na miƙa wa juna kwalbar wuski ta ƙarƙashin benci. Ta durƙusa ta yi addu'a a gaban gawa. Tana kai hannu ga ɗaurin gashinta sai Cathal, babban ɗan mamacin, ya riƙo gefen mayafinta.

"Gwaggo, don girman Allah," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Fada yana ɗakin ciki. Ga shayi, ga taba, ki zauna kusa da wuta. Amma kukan nan a bar shi."

"Ubanka da bakinsa ya ce in yi masa."

"Baba ya tafi, Gwaggo. Ni ne zan zauna da Fada."

Ta dube shi har ya kawar da ido. Ta maida ɗaurin gashinta, ta ja mayafi ta nufi ƙofa ba ta taɓa shayin ba. A bakin ƙofa ta yi karo da Colm, maƙwabcinta, tsohon tuzuru da ba sa haɗuwa sai sun tsokani juna.

"Ina zuwa, tsohuwar hankaka? Dubi garin fa, ko tafin hannunki ba za ki gani ba. Ki jira in ƙarasa kofina in kai ki a keken jaki."

"Kofinka da ba shi da gindi? Sai in kwana a tsaye."

"Mutanen Kirki suna yawo a watan nan, kin sani."

"To madalla. Wataƙila su sun san darajar babba."

Mutanen Kirki dai su ne mazauna ƙarƙashin tuddai, waɗanda ba a kiran ainihin sunansu bayan faɗuwar rana. Colm ya yi alamar gicciye ya ce Allah ya shirye ta, ita kuwa ta faɗa cikin duhu.

Babu wata, babu tauraro. Da sanda take laluben katangar duwatsu da ke bin gefen hanya, takaici yana ɗumama ta fiye da mayafin. Da ta kai mararraba sai ta bar babbar hanya ta ɗauki ta yanke, wadda ta bi ta gefen kufan gidan O Driscoll ta gangara bakin teku. Ta daɗe tana kauce wa hanyar nan ko da rana. A gidan ta yi aikatau tun tana budurwa, a lokacin yana da rufi da shanu da maza majiya ƙarfi. Da uwargidan ta rasu wajen haihuwar auta, Gobnait, wadda a lokacin ta yi aure, ba ta kuma daɗe da binne jaririnta ba, ita ta shayar da yaron. Fiachra sunansa. Teku ya ci yayyensa, zazzaɓi ya ɗauke uban, shi kuma ya hau jirgin Amurka yana saurayi, ya ce mata, "Inna, da na tara abin gyara rufin nan zan dawo." Tun daga nan shiru.

Tana dab da kufan iska ta ɗauke. Ba lafawa ta yi ba, ɗaukewa ta yi ɗif, kamar an rufe ƙofa. Rugugin teku, wanda tun haihuwarta bai taɓa barin kunnenta ba, shi ma ya yi tsit. Ta tsaya tana jin bugun zuciyarta.

Sannan kukan ya tashi.

Ya fara siriri, can ƙasa, har ta zaci yanyawa ce a cikin ciyayi. Sai ya riƙa hawa, yana faɗi, yana hawa, ya wuce inda maƙogwaron ɗan Adam yake tsayawa ya ja numfashi, bai tsaya ba. Ta ji shi a haƙoranta, ta ji shi a sandar da take riƙe. Akwai daɗi a cikinsa irin wanda yake sa tsikar jiki tashi, akwai baƙin cikin da ya girmi cocin da katangun da hanyar kanta. Uwarta ta taɓa jinsa sau ɗaya, ta ce mata, "Ranar da kika ji Banshi, 'yata, za ki san mu duka kwaikwayo muke yi." Kowane tsohon gida yana da tasa, matar tudu da take kuka idan ɗan gidan zai bar duniya. Gobnait ta yi wa ɗaruruwan gawawwaki kuka, amma sai a daren nan ta ji asalin abin.

Ƙafafunta suka ce gudu, amma kunnenta ya ja ta gaba. Ta zagaya kusurwar bango, sai ga ta.

'Yar ƙaramar mace ce, zaune a kan dutsen bakin ƙofar da babu ƙyaure, lulluɓe da alkyabba mai launin toka. Babu fitila, amma ana ganinta sarai, kamar yadda ake ganin kumfar teku cikin duhu. Gashinta fari fat ya zubo har ƙasa ya kwanta a kan ciyawa, tana taje shi a hankali da mataji, tana rangaji gaba da baya. Fuskar ba ta tsohuwa ba ce, ba ta yarinya ba ce. Idanun ne kawai suka yi jajur, irin na wadda ta fara kuka tun kafin a aza tubalin farko a ƙasar.

Gobnait ta zube a kan gwiwoyinta, sanda ta faɗi gefe. Ta ce, "Allah da Maryamu su kasance tare da ke, uwar gidan nan. Wa kike wa kuka? Ai ba kowa a ciki."

Matar ba ta daina ba. Ta dai ɗaga kai ta juya fuska yamma, wajen teku, ta tsayar da ido can.

Gobnait ta gane. Wani abu ya tsinke a ƙirjinta, daidai inda yaron ya taɓa kwanciya. Ta daɗe a durƙushe tana saurare, hawaye na bin kuncinta, kuma a cikin sauraron ne ta lura da abin da mai sana'a kaɗai zai lura da shi: kukan nan ba shi da kalma ko ɗaya. Murya ce zalla. Babu suna, babu asali, babu wanda zai ji ya san wane ne ya tafi. Ɗan O Driscoll na ƙarshe yana barin duniya a ƙasar da ba a san kakansa ba, mai yi masa kuka kuwa ba ta da bakin kiran sunansa.

Ba ta yi shawara da kanta ba. Hannunta ne ya kai ga ɗaurin gashi ya kwance. Ta miƙe, ta jira kukan ya gangaro inda muryar mutum za ta iya kama shi, ta shiga.

"Wayyo Fiachra, ɗan Diarmuid, jikan Conchúr mai farin jirgi! Wayyo autan Sadhbh, wanda bai ga fuskar uwarsa ba! Ni na ba ka nono, ni na ɗaure maka takalmin farko. Kai ne ka hau dutsen tsuntsaye ba igiya, ka sauko da ƙwai a hula kana dariya. Wa ya rufe maka ido, ɗana? Wa ya jiƙa maka leɓe? Ga ƙofar gidanku a buɗe, ga murhu ya yi sanyi, juyo ka dubi tudunku kafin ka wuce!"

Matajin ya tsaya. Jajayen idanun suka sauko a kanta, Gobnait ta ji sanyi ya ratsa ta har ɓargo, ta ce a ranta yau kwanana ya ƙare. Amma matar ba ta taso ba. Sai ta sassauta muryarta, ta saukar da ita ƙasa, ta shimfiɗa ta a ƙarƙashin ta Gobnait kamar yadda ruwa yake ɗaukar jirgi. In tsohuwar ta tsaya jan numfashi, waccan ta riƙe kukan a sama har ta dawo. Haka suka yi ta yi, ɗaya na kiran sunaye, ɗaya na kai su inda ba a gani. Gobnait ta jero zuriyar O Driscoll kaf, har da waɗanda ba ta san ta san su ba, sunaye suna zuwa bakinta da kansu.

A can gidan makoki, bayan tudu, hira ta mutu. Mutane suka fito tsakar gida suka tsaya cirko-cirko, maza suka cire huluna. Fada Mulcahy ya fito da littafin addu'arsa a hannu. Aka ce ya tambayi Colm a hankali, "Murya nawa kake ji?" Colm ya ce, "Ɗaya na san ta, Fada. Ɗayar kuwa kada Allah ya sa in san ta."

Gobnait ba ta san tsawon lokacin da suka ɗauka ba. Ta dai san sunaye sun ƙare, muryarta ta ƙare tare da su. Matar ta miƙe, ta soke mataji a gashinta, ta shafa dutsen bakin ƙofar da tafin hannu, kamar mai sallama da gidan da ta daɗe tana yi wa hidima. Ta zo ta gifta ta gefen Gobnait, kusa har gefen alkyabbar ya taɓa mata hannu, ta ɗan sunkuyar da kai irin gaisuwar da mace take wa abokiyar aikinta. Sannan ta gangara wajen teku, haskenta yana raguwa har duhu ya haɗe. Iska ta dawo, igiyar ruwa ta fasa a kan duwatsu.

Da gari ya fara wayewa Colm ya same ta zaune a kan dutsen, gashi a kwance, raɓa ta jiƙa ta sharkaf. Ya tuɓe kwat ɗinsa ya yafa mata, ya ɗora ta a keken jaki. Sun yi nisa kafin ya iya cewa, "Wa ya rasu?"

Da ƙyar sautin ya fito. "Fiachra."

Bai tsokane ta ba ranar, bai kuma tambayi yadda ta sani ba. Ta yi makonni ba ta magana sai da raɗa, inda alkyabbar ta taɓa kuwa, a bayan hannunta, wurin bai sake jin ɗumin wuta ba har ta mutu.

Da bazara, ana tsakiyar tonon ƙasar fadama da ake busarwa don hura wuta, wani baƙo ya zo Gortnamara yana tari, yana tambayar wata tsohuwa mai suna Gobnait. Eoghan sunansa, mutumin wani ƙauye ne a arewa, ya dawo daga ramukan haƙar tagulla na Amurka da huhu rabi. Ya same ta a bakin ƙofa tana feraye dankali. Ya cire hula ya ce ɗaki ɗaya suka zauna da Fiachra O Driscoll, kuma yana gefen gadonsa a asibitin sistoci ranar da ƙurar rami ta gama da shi, farkon Nuwamba.

"Na sani," in ji ta. "Zauna, ɗana."

Ya zauna yana murza hular. "Akwai abin da ya sa na zo, Iya. Kwana da kwanaki bai san wanda ke kansa ba. Ranar nan da la'asar, nan dare ya yi amma can rana ba ta ma faɗi ba, sai ya buɗe ido tar, ya yunƙura ya tashi zaune. Ya ce da ni da harshenmu, wanda ya daɗe bai yi ba, 'Eoghan, buɗe taga, Inna Gobnait ce take kirana.' Na buɗe. Ni ban ji komai ba sai ƙarar injin rami. Shi kuwa ya karkata kai yana saurare, yana bin wasu sunaye da leɓe, ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya kwanta, shi ke nan."

Wuƙar ta tsaya a hannun Gobnait. Ta ɗago ta dube shi.

"Ni kaɗai ya ce ya ji?"

"Ke kaɗai ya ambata, Iya. Da wani ne?"

Ta share ido da gefen mayafi, ta jefa dankalin cikin tukunya. "Ka sha hanya," in ji ta. "Matso kusa da wuta, yanzu abinci zai nuna. Ka faɗa mini yadda ya zama da ya girma. Ya yi gemu?"