Yaren Inna a Bakin Dodanni

A cikin bas Yaya ta fara jin abin. Ta taso daga aikin safe a ɗakin gwajin jini na asibiti, ƙafafunta sun yi nauyi, ta samu kujera kusa da wani magidanci mai kwat. Shi kuwa wasa yake bugawa a waya, ya ƙure ƙara kamar motar gidansu ce. Ta buɗe baki za ta ce ya rage, sai wata murya mai kauri ta fito daga wayar.

"Sembe yo, kanda mire."

Yaren Inna ne, mahaifiyarsu. Yaren wani ɗan ƙauye ne da ruwan dam ya cinye tun kafin a haife su, mutanensa suka watse, har ya zama masu jinsa a yau ba su kai yatsun hannu ba. Yaya ba ta iya mayarwa sosai, amma tana ji. Abin da muryar ta ce shi ne, "Baƙo, zauna ka ci."

Ta leƙa wayar. Wani jan dodo ne mai kunnuwa kamar na jemage, haƙora a waje, sanye da sulke. Kafin ya rufe baki, jarumin da magidancin ke juyawa ya fille masa kai.

"Malam, wane yare ne wannan?"

"Yaren dodanni ne, baiwar Allah," ya ce yana dariya, idonsa na kan waya. "Ba yare ba ne ma, shirme kawai suka harhaɗa. Tsaya ki ji kukan wannan in na soke shi."

Dodo na biyu ya yi ɗan gyaran murya kafin ya yi magana. Wannan gyaran muryar Yaya ta san shi tun tana goye. An kaurara sautin, an sa masa gurnani, amma Inna ce. Ba ta tsaya tambayar kowa ba. Mutum ɗaya ne zai iya wannan aika-aika, Autansu, wanda ke haɗa sauti a kamfanin wasannin kwamfuta. Ta buga jikin mota ta ce a sauke ta.

Kamfanin yana hawa na uku a wani dogon bene. Babban ɗaki ne mai sanyin na'ura, samari da 'yan mata sun duƙufa gaban kwamfutoci, bango duk zanen dodanni. Ta hango ƙeyar Auta a lungu, abin sauraro a kunne, yana kaɗa kai. Ta fizge abin ta jefar a kan tebur.

"Yaya! Lafiya? Inna ce ba lafiya?"

"Ashe ka san kana da Inna? Ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa! Muryar wa na ji a bakin waɗannan ƙazaman?"

Auta ya miƙe yana waige-waige.

"Don Allah ki rage murya. Mu fita waje."

"Ba inda za ni. Nan ka yi, nan za ka ji. Lokacin da kake bin ta kicin da waya kana naɗar hirarta, me ka ce mata? Ba cewa ka yi don jikoki ba ne?"

"Da farko don haka ne, wallahi. Daga baya aka ce dodannin nan suna buƙatar yare nasu, wanda ba kowa ya sani ba. Duk abin da muka ƙirƙira sai ya fito kamar kukan kwaɗi. Na gwada na Inna sau ɗaya, kowa ya ce shi ke nan."

"Kowa. Ita fa, ta ce shi ke nan?"

Manajan wurin, wani siriri mai tabarau, ya matso yana murmushin sulhu. Ya ce shi bai san muryar mahaifiyar ma'aikacinsu ba ce, amma ai abin alfahari ne, mutane a ƙasashe da yawa suna kwaikwayon kalmomin nan. In iyali suna so, za a sa sunan Mama a ƙarshen wasan.

Yaya ta dube shi sama da ƙasa.

"A rubuta me? Uwar dodanni? Kai in taka uwar ce ake sare wa kai safe da yamma a cikin bas, suna za ka nema?"

Manaja ya gyara tabarau ya ja da baya. Auta kuwa kunya ta juye masa zuwa fushi.

"To ke me kika yi wa yaren? 'Ya'yanki uku, akwai wanda ya san kalma ɗaya? In Inna ta yi musu magana ba dariya suke yi ba, ke kuma ki ce su ƙyale ta? Ni ko ba komai na sa duniya ta ji shi."

Maganar ta soke ta, don haka ta ƙara tunzura. Ta damƙi wuyan rigarsa kamar lokacin yana firamare.

"Ɗauko kwamfutarka. Wadda ke da muryar za ta yanke hukunci."

Sun tarar da Inna a baranda tana ninke wanki, rediyo na ƙasa-ƙasa a gefenta. Ta dubi fuskokinsu ta ajiye zanen hannunta.

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Inna. Ɗanki ne zai nuna miki aikinsa."

Auta ya durƙusa ya buɗe kwamfuta a kan kujera. Wani kogo ya bayyana, da wuta a tsakiya, da jan dodo zaune gaban tukunya. Dodon ya ɗago kai ya yi magana.

Abin da Yaya ba ta shirya masa ba shi ne fuskar Inna. Tsohuwar ta washe baki, ta matso da kujera, ta amsa wa dodon. Ta gaishe shi da yaren, ta tambaye shi mutanen gida, ta tambaye shi ɗan wane ne. Tun rasuwar ƙanwarta ba wanda ya fara yi mata magana da wannan harshe. Ba ta ma gane muryarta ba ce. Ta jira amsa, kanta a karkace.

Wasan bai san jira ba. Jarumin ya zare takobi da kansa, dodon ya faɗi cikin tukunyarsa yana kiran wata kalma da Inna ke faɗa in yaro ya yi tuntuɓe.

Inna ta nuna dodon da yatsa.

"Me ya yi masa?"

"Wasa ne, Inna," in ji Auta. "Su dodannin mugaye ne, dole a kashe su kafin a wuce."

"Mugu ne ya ce maka zauna ka ci?"

"Ban san abin da yake nufi ba ke nan. Sautin kawai nake yankowa, in ya yi daɗi in sa."

"Muryarki ce, Inna," Yaya ta ce. "Ita ya naɗa ya kai musu."

Inna ta kashe rediyo. Ba ta ɗaga murya ba, kuma Yaya ta gwammace a ce ta ɗaga.

"Ruwa ya ci gidan ubana ban ce komai ba. Na zo garin nan ana yi mini dariya a kasuwa, na haɗiye. Abin da ya rage mini a bakina yake, shi ne ka cire ka ba wa dodo, don ƙatti su ji daɗin yanka shi."

"Faɗa masa, Inna," in ji Yaya.

"Ke rufe mini baki! Gwano ba ya jin warin jikinsa. Shi jahilci ne ya kai shi, bai ji ba. Ke da kike ji fa? Ranar da iyayen mijinki suka zo, wa ya ja ni ɗaki ya ce kar in yi yaren nan a gabansu? Ke kika fara mayar da shi na dodanni, shi ya zo ya zana musu kunnuwa."

Yaya ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi.

Daga nan Inna ta juya harshe. Ta yi magana mai tsawo da yarenta, tana nuna su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Auta ya dubi Yaya yana neman fassara. Yaya ta tsinci rabi, kuma rabin ya ishe ta. Inna ta rantse daga yau ba za ta ƙara yi wa ɗayansu magana da yaren gari ba. Mai son jin bakinta ya koyi nata, wanda ba ya so ga hanya nan.

Kamfanin bai cire muryar ba. Suka ce Auta ya sa hannu tun farko cewa sautin nasu ne, kuma masu wasa sun saba da shi. Auta ya yi ta kai da kawo, abin da ya samu kawai shi ne aka daina sa sababbi. Bai bar aikin ba, Yaya kuma ta daina ɗaukar wayarsa.

Inna ta riƙe rantsuwarta gam. Da maƙwabta da mai kawo ruwa tana hira yadda ta saba, amma da zarar 'ya'yanta sun shigo sai ta koma nata. Wata ranar hutu Yaya ta zo duba ta, tana so ta tambaye ta ko ta sha maganin hawan jini. Ta yi ta lalube, ta haɗa jimlar da ƙyar. Inna ta ja tsaki, ta ce da yarenta abin da Yaya ta tambaye ta shi ne ko ta haɗiye akuya. Ta sa ta maimaita har harshenta ya gaji.

Ana cikin haka Auta ya yi sallama. Ya durƙusa ya gaida Inna da yaren, tiryan-tiryan, har da jan sautin ƙarshe yadda tsofaffi ke yi. Watannin da ya yi yana yanka muryarta sun zaunar masa da ita a kunne. Inna ba ta yi murmushi ba, amma ta amsa, ta tura masa kujera da ƙafa.

Yaya ta harare shi.

"Ɓarawo dai ɓarawo ne, ko ya iya gaisuwa."

Inna ta daka mata tsawa, ta nuna bakinta da yatsa. In zagi ne ma, da yaren za ta yi. Yaya ta zauna tana huci, tana laluben yadda ake cewa ɓarawo.