Abin da Nas Ta Faɗa Cikin Dariya

Maman Biyu ta rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakinta na ƙasan bene, tana da shekara hamsin da 'yan kai. Autarta ce kaɗai a gefenta. Kafin azahar an kai ta makwancinta, kafin la'asar matan gidan hayan sun rabu uku a kan abin da ya yi ajalinta.

"Hawan jini ne," in ji matar mai gidan, tana miƙa wa masu gaisuwa ruwa. "Tun rasuwar mijinta take fama."

"Wane irin hawan jini? Tarin nan ba ku ji shi ba?" in ji matar makaniki. "Har sama nake jiyo shi."

Wata tsohuwa daga bayan layi ta gyara mayafi. "Ni dai ban ce komai ba. Amma mace da ƙafarta, a ce ta zube haka kawai? Akwai hannu."

Auta ta ɗago kai daga kan tabarma. "Likita ya ce sankarar mama ce."

Sai matar mai gidan ta ce, "Mama kuma? 'Yar nan, ko dai ba ki ji daidai ba? Nonon da ya gama aikinsa tun da aka yaye ki?"

Tela tana zaune a bakin ƙofa. Ita ce mai ɗinkin da ɗakinta ke fuskantar na marigayiyar, kuma sa'arta ce. A nononta na dama, can wajen hamata, akwai wani abu mai tauri kamar ƙwallon dabino. Ya kwana biyu a wurin. Ba ya ciwo, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Abin da ya ɗaure mata kai shi ne, ba jahilai ba ne su biyun. An yi musu bayani. Bara, ranar rigakafin yara, sun kai jikokinsu ƙaramin asibitin unguwa, suka zauna a bencin baya inda kakanni ke zama. Nas ta fito da wani nonon roba, ta ɗora a kan tebur. Masu shayarwa suka fara rufe baki suna ƙyalƙyala. Ta nuna yadda ake bi da yatsu uku a zagaye, har cikin hamata. Ta ce kowace mace ta riƙa dubawa duk wata, 'yan kwanaki bayan al'ada ta ɗauke.

Maman Biyu ba ta iya barin magana ta wuce ba. Ta ɗaga murya daga baya: "To mu da muka rufe kanti fa? Sai mu jira ya sake buɗewa?"

Ɗakin ya kece da dariya. Wani jariri ya tsala ihu, sauran suka karɓa. Tela ta ga bakin Nas yana motsi, ta ga ta nuna bencinsu da hannu, amma ba ta ji kalma ɗaya ba. A daidai nan aka kira sunan jikan Maman Biyu, suka tashi. A hanyar gida suka yanke hukunci: abin na masu jini a jika ne. Wadda ba ta da ranar dubawa, ai ba da ita ake ba.

Bayan wasu watanni Maman Biyu ta shigo da riga a hannu.

"Tela, buɗe mini hannun hagun nan. Matse ni yake yi."

"Na hagu kaɗai? Ko da gefe ɗaya kike cin abinci?"

"Ke dai yi aikinki, sarkin tsegumi."

Tela ta farke ɗinkin, ta ƙara ƙyalle. Riga ta biyu ta zo, ta uku ta zo. Daga baya Maman Biyu ta ce a daina yi mata da yadi mai haske, kuma a riƙa sa shafi biyu a ƙirji. Ta daina yarda a gwada ta, ta ce a bi tsohuwar riga. Turare ya yi yawa a jikinta. Tela ta lura da duk wannan, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda take lura da kowane jiki da ya shigo ɗakinta, amma ba ta haɗa su wuri ɗaya ba. Ta ɗauka ƙiba ce irin ta shekaru, ita ma ai zanenta ya daina zagaye ta kamar da.

Auta ce ta gano, ranar da ta zo ziyara ta tarar da uwar tana wanke tsumma a ɓoye. Ta sa ta a mota sai babban asibiti. Ba su daɗe ba suka dawo da ledar magunguna. Daga nan Maman Biyu ba ta sake fitowa famfo ba.

Tela ta shiga duba ta wata safiya. An ɗaga mata kai da matasai biyu, fanka tana juyawa a hankali, hannun hagun ya kumbura har yatsu.

"Ƙawata, ya jiki?"

"Ga shi nan." Ta yi numfashi. "Likita ya ce da na zo da wuri. Na ce masa, ɗana, abin da ba ya ciwo me zan kawo maka? Ka taɓa ganin an kai lafiyayye asibiti?"

"Me ya ce?"

"Wai mu ya fi kamawa. Mu da muka daina." Ta juyo da ido. "Tela, ran nan na rigakafi, ke me kika ji?"

"Abin da kika ji shi na ji."

"To waye bai faɗi daidai ba, shi ko Nas?"

Tela ta buɗe baki za ta faɗi zancen ƙwallon da ke jikinta, sai tari ya sarƙe marar lafiyar, Auta ta shigo da kofi. Maganar da suka yi ta ƙarshe ke nan.

Da aka share makoki, Tela ta rufe keken ɗinkinta da zane, ta ce wa maƙwabta zare za ta sayo. Ta wuce ƙaramin asibitin. Ranar ma ta rigakafi ce. Ta jira har aka sallami masu jarirai, ta tarar da Nas tana mayar da nonon roba cikin kwali.

"Mama, ina jikan?"

"Yau ni ce jikan." Ta zauna ba a ce ta zauna ba. "Bara wata ta tambaye ki, mu da al'ada ta ɗauke mana fa. Aka yi dariya. Me kika ce?"

Nas ta tsaya da kwalin a hannu. "Abin da nake faɗa kullum. Wadda ta daina ta zaɓi rana ɗaya a kowane wata, ta riƙe ta. Kuma ta zo a duba ta ko ba ta ji komai ba, don shekaru ƙara haɗarin suke yi, ba rage shi ba."

"Kin faɗa ranar?"

"Kullum ina faɗa, Mama."

"Ranar nake tambaya."

Nas ta dubi bencin baya, ta daɗe tana dubansa. "Ina jin na faɗa. Da hayaniya ranar. Ita mai tambayar tana ina?"

"Mun binne ta."

Nas ta ajiye kwalin, ta ja labule, ta wanke hannu. Yatsunta da sanyi. Ta bi hagu ba ta tsaya ba, ta zo dama ta tsaya, ta koma baya, ta sake tsayawa a wuri ɗaya.

"Tun yaushe?"

"An jima. Amma ba ya ciwo."

"Rashin ciwon ba shaida ba ce. Kuma ba kowane ƙulli ne sankara ba, da yawa ba ita ba ce. Hannuna ba zai raba ba. Sai an ɗauki hoto a babban asibiti, wataƙila su ɗebi kaɗan su auna."

"To ina da ita ko ba ni da ita?"

"Ban sani ba, Mama."

Tela ta ɗaura zanenta. Ta zo ne a ce mata e ko a'a, ga shi za ta fita da abin da ta shigo da shi.

Auta ce ta raka ta babban asibiti, don ita ta san ƙofofin. Aka matse nonon tsakanin faranti biyu masu sanyi, aka ɗauki hoto. Wata ranar aka sa allura aka ɗebi abin da za a ɗiba, aka manna mata filasta, aka ce za a kira ta a waya.

A gidan haya har yanzu ba a daidaita ba. Matar mai gidan tana nan a kan hawan jini. Matar makaniki ta ce za ta je a duba ta, amma sai ta ga yadda ta Tela ta ƙare. Auta ta kwashe kayan uwarta, aka bar ƙofar ɗakin a buɗe don ya sha iska, wani mai fenti yana shafa wa bangon fari.

Tela ta koma kan keke. Ta ajiye wayar a kan tebur kusa da almakashi, fuskarta sama. In ta taka keken na ɗan lokaci sai ta ɗaga ƙafa ta saurara, don ƙararsa tana iya danne ta wayar. Har mai fentin ya wanke burushinsa a famfo ya tafi, ba a kira ba.