Kujerar Ban-Gane

Su huɗu Malama ta haɗa a rukuni ɗaya, ta ba su aikin ƙarshen zango: su shirya darasi kan zawo a jikin ƙananan yara, su je su koya wa iyaye mata a ɗakin jira na asibitin unguwa. Ta ce ba takarda za ta duba ba, matan za ta tambaya bayan an gama. In sun fahimta, rukuni ya ci. Dogo ne shugaba. Bara ya faɗi jarrabawar wannan fanni, kuma a makarantar koyon aikin lafiya da suke, wanda ya faɗi sau biyu sai ya tattara kayansa.

Shi ya sa bai ɗauki rabon aiki da wasa ba. Shi zai tono bayani daga littattafai. Mai Zane zai zana hotuna a kwali. Rediyo, wanda bakinsa ba ya hutawa, shi zai yi jawabi. Ta huɗun ce ya rasa inda zai sa ta, ƙarshe ya ce ta riƙe kwali.

Ban-Gane suke kiranta. A ajin ƙarshen baranda inda suke gwaji, kujerarta tana jikin taga, wadda gilashinta ɗaya ya fashe. Da zarar Rediyo ya ɗau zafi, sai ta ɗaga yatsa ta ce a yi haƙuri, ita fa ba ta gane ba. Rediyo ya ce da kan nan nata gara a sa shi a kasuwa, ko an samu mai neman tukunya. Ta yi dariya, ta sake tambaya. Dole ya sauko ya faɗa da maganar gida, Mai Zane ya goge ya sake zanawa, Dogo yana duban agogo yana tsaki.

Sun kai rabin darasin aka tafi hutun tsakiyar zango. A hutun ne zazzaɓi ya kwantar da Ban-Gane, bai bar ta ta tashi ba, har ta rasu.

Da suka dawo, kujerar tana nan jikin taga. Babu wanda ya ce a bar ta, babu kuma wanda ya taɓa ta. Malama ta tambayi Dogo a hankali ko yana so a ƙara musu mutum. Ya ce a'a, kwali dai ne, shi zai riƙe.

Rabin na biyu ya tafi kamar ruwa a gangare. Dogo ya rubuta, Rediyo ya haddace, ba mai katse kowa. Suna gamawa da wuri, amma ba mai murna. Wani lokaci Rediyo yana tsakiyar magana sai ya yi shiru, kansa ya juya wajen taga, kamar wanda aka kira. Fanka tana juyawa, gefen kwali yana kaɗawa. Sai ya share maƙogwaro ya ci gaba. Mai Zane ya daina zama ta wannan ɓangaren. Ya ce iska ce ke damunsa.

Dogo ya lura cewa shirun ba ko'ina yake zuwa ba. Yana zuwa ne daidai bayan manyan kalmomi. Ya lura, amma ya bar abin haka, don lokaci ya ƙure.

Ranar darasi, tun da hantsi ɗakin jira ya cika. Mata a kan benci, wasu da goyo, wasu da katin asibiti a hannu, warin maganin goge ƙasa ya cika wurin. Malama ta zauna a baya. Dogo ya tsaya gefe da kwali, a inda da Ban-Gane za ta tsaya.

Rabin farko ya yi kyau. Mata suna amsawa, wata ta nuna hoton yaron da idanunsa suka faɗa ta ce haka nata ya yi. Da aka shiga rabin na biyu, Rediyo ya fara zuba kalmomin littafi, na sinadaran jiki da daidaiton ruwa. Matan suna gyaɗa kai. Daga inda Dogo yake tsaye, a karo na farko yana ganin fuskokin masu sauraro maimakon takarda, kuma ya ga gyaɗa kan na kunya ne. Wata ta koma gyara ɗaurin goyo. Wata ta zuba wa ƙofar likita ido.

Rediyo ya kai ƙarshen wata doguwar magana, sai ya yi shirun nan nasa. Kansa ya juya gefen kwali. Mai Zane ya sunkuyar da kai. Dogo ya tarar shi ma yana jira, kamar yadda suke jira, a ɗaga yatsa. Tun da ya shiga makaranta bai taɓa cewa bai san abu ba a gaban mutane, ga kuma Malama tana kallo.

"Ka yi haƙuri," in ji Dogo. "Ban gane ba."

Fuskar Rediyo ta canza. Sannan ya juya ga matan, muryarsa ta sauka, ya ce abin da yake nufi shi ne, yaro mai zawo kamar buhu ne da ya huje, in ba a riƙa mayar masa da ruwa kaɗan-kaɗan ba sai ya bushe. Wata dattijuwa ta ce to ɗana, ai da haka ka faɗa tun ɗazu. Aka yi dariya. Ta tambayi cokali nawa, wata ta tambayi in yaron ya yi amai fa. Dogo ya sake katse shi a gaba, ya kuma sakewa.

Malama ta zagaya ta yi wa matan tambayoyi, suka amsa. Da ta zo wucewa ta ce wa Dogo sun ci, ta tsaya kamar za ta ƙara wani abu, sai ta wuce.

Suka koma aji ajiye kwalaye. Rediyo bai yi barkwanci ko ɗaya ba a hanya. Mai Zane yana naɗe kwali, bai ɗago ba, ya ce, "Dogo, na farkon nan da ka yi magana, ni fa ba muryarka na ji ba."

Dogo ya je ya gyara wa kujerar Ban-Gane zama ta fuskanci allo, ya ja musu ƙofa a hankali.