Kisan da Akwati Bai Yarda da Shi Ba

Daga Kura har Bunkure, wanda bai ga Hambali mahauci a fagen dambe ba, labarin dambe kawai ya ji. Fari ya zo ya wuce shi, kwalara ta kwashe sa'o'insa ta bar shi, 'yan damben nesa sun zo da kuri sun koma da kumburi. Kuma bai taɓa fara kai naushi ba. Jira yake ka kawo, ya goce, nauyinka ya ja ka gaba, sai ka ji saukar hannu a muƙamuƙi. Shi ya sa har ya tsufa, duk ranar kasuwa in ya shigo, Sammani makaɗi kan sakar masa takensa a kalangu, mahauta su ɗaga wuƙaƙe.

A ranin 1988, kwandunan tumatir sun cika bakin titi, sai Uba ɗan Gidaɗo ya dawo daga birni da wani akwati. Ya jona shi da talabijin a rumfarsa, ya ta da janareta. Mutum biyu ne a ciki suna faɗa, mai fararen kaya da mai ja. Kowane yana da ɗan faifai a waje, mai sanda da maɓalli, da shi ake juya shi.

Gidaɗo kuwa tsohon ɗan dambe ne da Hambali ya taɓa kayarwa tun suna samari. Yanzu da ya gama ban ruwa a gona, a rumfar ɗansa yake yini.

"Mai tsire!" in ji Gidaɗo da ya hango Hambali ran kasuwa. "Ga fagen da ba a shiga da tsohon labari."

"Kai da ƙasar Bunkure ta san ɗanɗanon bakinka?"

"To zauna mana. Wanda aka kashe, takensa ya koma gidan wanda ya kashe shi. Sammani ne shaida."

Jama'a sun taru, ja da baya ba hali. Hambali ya zauna a benci, ya karɓi faifan mai fararen kaya, Gidaɗo ya ɗauki na mai ja.

Uba ya durƙusa kusa da shi. "Baba, sandar ita ce ƙafa, maɓallin shi ne hannu. Wannan layin na sama kuma, sai ya ƙare tukuna..."

"Kai, rufe mini baki. Ni za ka koya wa dambe?"

Aka fara. Ja ya kawo naushi, Hambali ya goce da kansa har hularsa ta faɗi, shi kuwa farin yana tsaye ƙiƙam ya sha ta a fuska. Rumfa ta ɗauki dariya. Yatsun nan da suka shekara cikin ɗaurin dambe sun ƙage, ba su san maɓalli ba. Amma ido bai tsufa ba. Ya lura duk sanda ja ya kai duka ya kuskure, sai ya yi taga-taga gaba, ƙafar baya a sama. Ashe har mutanen akwati nauyinsu na cin amanarsu.

Ya jira. Gidaɗo ya sake afkowa da zafi, kamar yadda ya saba tun da can. Hambali ya ja sanda baya taku ɗaya, ja ya wuce a banza, sai ya danna maɓalli da gaɓar yatsa. Ja ya zube warwas.

A dambe, da zarar gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare. Hambali ya yar da faifan, ya miƙe, ya juya wa talabijin baya, ya ɗaga hannun dama.

"Sai ni na Kura, dutse a hanya! Sai ni..."

"Baba, ya tashi! Baba!" in ji Uba.

Ya waiwaya. Ja yana tsaye, yana ta narkar farin, shi kuma hannuwansa a sake kamar mai jiran mota. Hambali ya duƙa neman faifan, yana can ƙarƙashin benci tsakanin ƙafafun mutane, gwiwa kuma ta ƙi lanƙwasuwa da sauri.

"Goce!" ya daka wa farin tsawa. "Goce hagu, ɗan banza! Ja baya!"

Farin bai ji ba. Layin sama ya ƙare, ya kife, bai sake motsi ba.

"Na kashe shi tun farko," in ji Hambali. "Kowa ya gani. A ina gawa take tashi ta rama? Sammani, faɗa musu."

Sammani ya daɗe yana murza tsarkiyar kalangu. "Wallahi a fage kai ka yi kisa, Baba. Amma a akwati kuka ƙulla, shi kuma ga abin da ya ce."

"A sake!" in ji Hambali.

"Mai ya kusa ƙarewa a janareta," in ji Gidaɗo, yana gyara zama. "Makaɗi, sakar mini taken, ina jin ka."

Hambali ya dubi mahauta ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ya ɗauki hularsa bai kaɗe ta ba, ya ratsa ta bayan rumfa ya bi gefen kwalbatin ruwa, inda ba kowa sai wani mai wanke kwanduna da ya ce masa, "Sannu, Baba, yau da wuri?"