Makullin Ƙofar Ruwa

Shekara talatin da ɗaya mahaifina Nazrullo ya yi yana riƙe da makullin ƙofar ruwa ta ƙauyenmu Sangdara. Ruwan daga ƙanƙarar duwatsu yake saukowa, idan ya iso madatsar da ke bayan makarantar da nake koyarwa sai ya rabu biyu. Hannu ɗaya ya shiga gonakinmu, ɗaya ya gangara ya ƙetare wayar iyaka zuwa ƙauyen Ak-Terek. Kwana uku namu, kwana uku nasu.

A bazarar da gwamnatinmu da tasu suka zauna shata iyaka, magana ta cije a kan wata 'yar hanya. Wata biyu ana ja-in-ja. Ran nan da hantsi sai ga motar soja a ƙofar gidanmu. Kanar Davlatov ya fito, tare da wani mai kwat daga ma'aikatar harkokin waje. Na shimfiɗa musu a ƙarƙashin inabi, na kawo shayi da gurasa.

Mai kwat ya fara magana a tausashe, yana kiran sa Bobo, wato kaka, don girmamawa. "Bobo Nazrullo, kwana goma kacal muke so ka rufe hannun da ke zuwa ƙetare. Da zarar albasarsu ta fara kwanciya, wakilansu za su sassauto."

Baba ya kurɓi shayi. "Wakilan nasu albasa suke nomawa?"

"Bobo, ai ka gane nufina."

"Wallahi ban gane ba, ɗana. Masu albasar na san su. Akwai Toktosun, akwai matar ƙanensa da ke riƙe da marayu huɗu. Wanne ne a cikinsu yake zaune a teburin naku?"

Kanar ya ajiye kofi da ƙarfi. "Tsoho, wannan maganar tsaron ƙasa ce. Ko ka manta mutanen can ne suka harbe ɗanka?"

Shekara huɗu ke nan da aka kashe yayana Firdavs a rikicin iyaka, ba mai ambatar sa haka a gaban Baba.

"Ni na yi masa wanka, yaya zan manta?" in ji Baba. "Ranar da na binne shi ma ranar ruwansu ce. Daga maƙabarta na wuce na buɗe musu. Kai kana ina a lokacin?"

Kanar ya miƙa hannu. "Makullin."

"Ga shi can a rataye jikin ƙofa. Kuna da bindiga, ku ɗauka. Amma idan za ka rubuta wa manyanka, ka rubuta ƙwata ka yi, ba ni na ba ka ba."

Suka ɗauki makullin, suka haɗa da Baba. Ko hularsa ba su bari ya canza ba.

Kashegari aka tara mutanen gari a makaranta. Ashe ba su so a ce soja ne ya rufe ruwa, don kada ƙasashen waje su yi surutu. So suke wani ɗan gari ya karɓi aikin, a ce shawarar manoma ce. Mai kwat ya ɗaga makullin ya ce wa zai karɓa. Mai gyaran tarakta ya ce bayansa ke ciwo. Liman ya ce shi bai san hagu da dama ba a harkar ƙarfe. Sai Inna Sharofat, tsohuwar da ta haura tamanin, ta ɗaga sandarta.

"Ni ku ba ni."

Mai kwat ya washe baki. "Madalla, Inna."

"In ka ba ni, rijiya zan jefa shi. Kai kuma ka cire kwat ɗin nan ka shiga ka ɗauko."

Aji ya kaure da dariya, har wani soja a bakin ƙofa ya juya baya yana danne tasa.

Mai kwat ya juyo wajena. "Malama Zebuniso, ke ce mai rubuta bayanin taro. Rubuta cewa jama'a sun amince."

Na rubuta: an nemi mai karɓa, ba a samu ba. Na sa hannu na miƙa masa. Ya karanta, ya ce in yi tunanin aikina. Na ce na gama tunanin tun jiya. Mako bai zagayo ba takardar sallama ta iso ni.

Sojoji suka rufe ruwan ƙetare da hannunsu. Kwana biyu tsakani mutanen ƙetare suka tare hanyar da motocinmu ke bi zuwa kasuwa, tuffa ta ruɓe a akwatuna. Ruwan kuwa da aka hana wucewa ya tattaru gaba ɗaya a magudanarmu, wadda ba a gina ta don ɗaukar haka ba. Rana ta tara ta ɓalle, ta share alkamar gidaje goma sha ɗaya. Albasar Ak-Terek ta ƙone, alkamarmu ta nutse.

Rana ta goma sha bakwai muka gani a talabijin wakilan ƙasashen biyu na musabaha, ana kiran juna 'yan'uwa na har abada. Ba wanda ya ambaci ruwa. Aka sako Baba, ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu. Makulli kuwa aka ce daga yanzu yana hannun ofishin iyaka, wani Saje Qurbon zai riƙa buɗewa.

Ranar ruwan ƙetare ta farko, Baba ya ɗauki kujerarsa ya je ya zauna bakin madatsa tun fitowar rana, ni kuma na riƙo masa butar shayi. Saje bai iso ba sai da rana ta ɗaga.

"Ka makara da awa biyu," in ji Baba. "Za ka ƙara musu awa biyu jibi."

"Bobo, ai an sauke ka. Me kake yi a nan?"

"Zama nake yi. Ko shi ma an hana? Juya shi dama, sau tara. A hankali, ba wuyan akuya ba ne."

Saje ya dube shi, ya dube ni, ya yi tsaki, ya kama juyawa. Da ya kai bakwai ya tsaya yana haki.

"Saura biyu," in ji Baba.